Kwalekwalen Roba a Ƙofar Munji Mai Walda

Shalbiya ba kuɗi ta je nema wurin Munji mai walda ba. A fara da wannan, domin har yau a Salakta akwai masu cewa rowa ce ta fito da ita daga gida. Ƙarya suke yi. Mutuncin mijinta ta je karɓowa, wanda aka zubar a bakin teku ranar wata Asabar da hantsi, maza sun fi goma suna kallo suna riƙe ciki don dariya.

Mijin nata Rayis Jilani ne, rayis kuwa shi ne shugaban jirgin kamun kifi. Shekara arba'in da biyu yana riƙe da jirgin katako nasa na kansa, shuɗi mai jan baki, har gwiwa ta ƙi, jirgin ma ya tsufa ya fara shan ruwa fiye da yadda ake kwashewa. Aka sayar wa wani mai gidan abinci, ya kafa shi a ƙofa ya cika shi da ƙasa ya shuka furanni. Furanni! Tun daga ranar Jilani ya daina bin wannan titi, daga baya ya daina zuwa gidan gahawa, daga baya ya daina fita ƙofar gida sai masallaci. Shekara biyu yana zaune a tsakar gida a kan kujera ɗaya, yana gyaran wata tsohuwar raga da babu wanda zai sake jefawa. In ya gama ya warware ya sake. Shalbiya ta yi faɗa har ta gaji. Da can in ta faɗi ɗaya zai mayar da uku, muryarsa har maƙwabta, mutumin da in ya kira yaran jirgi daga bakin tashar jiragen ruwa ana ji a kasuwa. Yanzu sai ya ce mata “to”. Wannan “to” ɗin shi ne ya hana ta sakewa.

'Yarsu Najwa, wadda ke aikin jinya a Susa, ita ta kawo kwalekwalen. Na roba ne, ruwan ɗorawa, na mutum ɗaya, irin wanda 'yan birni ke kira kayak, da ramukan kafa sandar fatsa a gefe da wani zagayayyen murfi da ake buɗewa a ga cikinsa. Ba nauyi, tsofaffi biyu suna iya ɗaga shi. Jilani ya zagaya shi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya ce, “Wannan ai bahon wanka ne.” Ya koma kujerarsa. Amma washegari Shalbiya ta same shi yana goge shi da tsumma. Rana ta uku ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Ina kika jefa min akwatin ƙugiyoyina?”

Ba ta jefar ba. Yana ƙarƙashin gado, ta shafa wa kowace ƙugiya man zaitun kada ta yi tsatsa.

Matsalar ita ce kai shi ruwa. Wurin kifi yana can wajen duwatsu, tafiya ce da ba a yi a ƙafa da kwalekwale a ka. Suna da tsohuwar farar mota ƙarama, sai dai samanta sumul. Dole a sa mata kariya, ƙarfen ɗaukar kaya. Suka tafi Mahdiyya wani kanti da ke sayar da kayan teku. Mai kantin ya fito musu da sanduna biyu masu faɗi, an lulluɓe su da roba mai laushi, ya yi musu bayani tiryan-tiryan. A raba sandunan nesa da juna. A kifa kwalekwalen a kansu, bakinsa ƙasa, don gefunansa ne masu ƙarfi. Kada a ja ɗauri da ƙarfi. Kada a bar shi a ɗaure cikin rana, don roba in ta ji zafi laushi take yi.

Shalbiya ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan. Ta ce a ɗaure musu. Jilani ya ja ta gefe.

“Bari mu je mu yi shawara. Munji zai ji ba daɗi.”

Munji ɗan ƙanwarsa ne. A danginsu ba a sayen ƙarfe a waje. Ƙofa, taga, gado, har murhun gashin kifi, duk Munji ne, kafin shi ubansa. Wanda ya sayi ko ƙyauren kaji a wani wuri sai an yi shekara ana maganar.

Ko ba su kira shi ba, da la'asar ga shi ya iso a kan babur, labari ya riga su. Ya zauna ya share kwanon kuskus da kifi, ya ƙara, ya goge baki, sannan ya fara ɓacin rai.

“Kawu, ina raye a je Mahdiyya sayen gwangwani? Me na yi muku? Ni zan ƙera muku kariyar da za ta ɗauki saniya da ɗanta.”

“Ba saniya muke da ita ba,” in ji Shalbiya. “Roba ce. Mai kanti ya ce sanduna masu faɗi, nesa da juna, a kifa shi, kada a matse.”

Munji ya yi dariya har ya tofar da ƙayar kifi. “Inna Shalbiya, ke da tukunya, ni da ƙarfe. Na taɓa shigowa na koya miki murza kuskus? A kifa shi! Kawu, ka ji? Ka taɓa ganin an kifa jirgi mai rai an zaga da shi gari? Jirgin da ya mutu ake kifawa. So ake a jawo maka abin da ba a fata tun kafin ka taɓa ruwa?”

Jilani ya gyaɗa kai a hankali. Shi ma abin yana cinsa tun a kanti. Shalbiya ta kwashe kwanoni da ƙara, ta shige.

Abin da Munji ya ƙera na rodi ne, irin na gini, baƙi, mai nauyi kamar ƙofar kurkuku. A tsakiya ya yi wasu 'yan bakuna biyu masu tsini, kusa da juna, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Ya ce nan ƙashin bayan jirgi zai zauna, kamar yadda ake ɗora kowane jirgi a tudu. To, jirgin katako ne ke da ƙashin baya. Wannan ba shi da ko ɗaya, cikinsa sumul kamar kwarya. Shalbiya ta faɗa. Ya ce, “Inna, shayinki zai ƙone.”

Ranar Juma'a da safe Munji ya ɗora kwalekwalen da kansa. Ya kawo bel irin na masu manyan motoci, mai ƙarfen ja, ya yi ta ja, ƙarrr, ƙarrr, har robar ta yi kuka. Ya buga ta da tafin hannu. “Ko guguwa ta zo, mota za ta tafi ta bar shi a nan.” Motar ta wuni a ƙofar gida cikin ranar Agusta, ranar da in ka taka dutse ba takalmi sai ka yi rawa.

Asabar da safe Shalbiya ta ga jikin motar a jiƙe, ruwa ya bi ƙofofi ya zubo. Ta ɗauka Jilani ne ya wanke ta, har ta ji daɗi a ranta. Mutumin da ya wanke mota ai ya dawo duniya.

Sun yi niyyar zuwa su biyu, shiru, ba wanda ya sani. Amma Munji ya riga ya cika gidan gahawa da labarin kariyarsa, don haka da suka isa wajen duwatsu sai ga maza a tsaye, wasu a kan babura, wasu da kofin gahawarsu a hannu. Aka sauke kwalekwalen. Shalbiya ce ta fara gani. Cikinsa ya lotsa wuri biyu, ramuka masu zurfi da za su ɓoye dunƙulen hannu, ɗayan ya karkace ya ja jikin gefe guda. Jilani ma ya gani. Amma ido ya yi yawa, ba damar juyawa. Ya yi bisimilla ya hau.

Ya sa filafili a dama, kwalekwalen ya yi hagu. Ya sa a hagu, ya ƙara yin hagu. Ya zagaya sau ɗaya. Ya zagaya sau biyu. Mutumin da ya ratsa da jirgi cikin hadarin da ya cinye jirage uku, ga shi yana juyi a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

“Rayis ya koma raƙumin matsar zaitun!” wani ya ce da ƙarfi. “A ɗaure masa ido, a zuba zaitun!”

Aka fashe. A zagaye na uku wata 'yar igiyar ruwa, wadda ko jariri ba za ta kayar ba, ta zo ta gefe ta kifar da shi. Ya taso hularsa tana yawo a ruwa. Wanda ya fi kowa dariya Munji ne, har da duƙawa, yana cewa, “Roba ce, jama'a! Ƙarfena ko gezau!”

Jilani ya ja motar har gida. Ya ɗauki akwatin ƙugiyoyin ya ajiye a bakin ƙofa. “Ki ba wanda yake so.” Ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. Ranar bai ci ba. Lahadi bai ci ba. Ko ragar bai taɓa ba.

Litinin da safe Shalbiya ta ɗaura mayafi, ta aro amalanken da maƙwabta ke kwasar zaitun, ta ja kwalekwalen a ƙasa ta ɗora, ta tura shi ta tsakiyar gari ita kaɗai. Ba ta gaida kowa ba. Shagon Munji yana fuskantar gidan gahawa. Ta sauke kwalekwalen a gicciye a bakin ƙofar shagon, ta kifa shi, ramukan nan biyu suna kallon sama, ta zauna a kan hancinsa ta miƙe ƙafa.

A Salakta ba a tsallake jirgi, ko na wane ne, balle kifaffe. Wani ya zo karɓar taga, ya tsaya, ya duba, ya juya. Wani ya zo da salansar babur, shi ma ya juya. Munji ya kashe wutar walda ya ɗaga gilashin fuskarsa.

“Inna Shalbiya, ina kwana. Lafiya?”

“Kai ka san lafiya? Kawunka kwana biyu bai sa komai a baki ba.”

“Subhanallahi. To ki tashi mu shiga ciki, mutane suna kallo.”

“Su kalla. Ranar Asabar ma kallo suka yi, ban ji ka ce a shiga ciki ba.”

Ya sauke murya. “In kuɗin kariyar ne, yanzu in mayar miki, har da na mai.”

“Ka riƙe ka sayi kunya, in ana sayarwa a Mahdiyya. Kai da aka haifa a ɗakina, ni na yanke maka cibiya da hannun nan, uwarka tana ihu, kawunka yana teku yana nemo abin da za a yi maka suna. Yau kai ne mai duƙawa kana dariya. A kira min Rayis Farjani.”

“Haba Inna, wannan ai maganar gida ce.”

“A bakin teku aka yi ta. A kira shi, ko in kwana uku a nan. Na zo da burodina.”

Da gaske ta zo da shi, ta fito da shi daga mayafi ta ajiye a cinya.

Rayis Farjani shi ke raba rigimar mutanen teku, ta raga ce, ta wurin ɗaure jirgi ce, ba a kai wa 'yan sanda. Ya haura tamanin. Sai da rana ta take kafin ya tsallako daga gidan gahawa da sandarsa, maza suka biyo shi da kujeru. Yawancinsu fuskokin Asabar ne. Shalbiya ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

“'Yar'uwa, faɗi,” in ji Farjani.

Ta faɗa, ba ta rage komai ba. Abin da mai kanti ya ce, abin da ita ta maimaita, abin da Munji ya mayar mata, tukunya da shayi da duka. Ta buga ramukan da tafin hannu. “Ga bakin ƙarfensa nan, ɗaya, biyu. Ku auna da rodin da ke kan motarmu in ƙarya nake.”

Farjani ya juya. “Munji?”

Munji ya goge hannu a wando. Ya ga an matse shi, sai ya fito da abin da ya ɓoye.

“Baba Farjani, ban so in faɗa ba, don kawuna ne. Amma a tambayi Inna, da me kwalekwalen ya wuni ranar Juma'a? Bayan an sauko daga masallaci na wuce ta ƙofarsu. Na ga Kawu tsaye a kan kujera jikin mota, ya buɗe murfin nan, yana juye ruwa a ciki. Guga biyu, cike. Ƙarfena aka ce ya ɗauki kwalekwale, ba a ce ya ɗauki rijiya ba.”

Shalbiya ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ruwan da ta gani a jikin mota. Gugayenta biyu da ta tarar a zaure ranar Juma'a, ta yi ta mitar wanda ya fito da su. Ashe ba wanki ya yi ba, zubar da ruwan ya yi da safe kafin ta fito. Jirgin katako in yana tudu cikin rana, ruwa ake zuba masa kada katakon ya bushe ya buɗe baki. Shekara arba'in da biyu yana yi. Ya ga sabon kwalekwalensa a rana, ya tausaya masa, ya ba shi ruwa. Wawan tsoho! Ta ji haushinsa, ta kuma ji wani abu da ya fi haushi ciwo.

Dariya ta fara tasowa daga baya, ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, “Ya shayar da roba.”

Ta miƙe tsaye. Ba ta da tsayi, amma kowa ya ja baya.

“Munji, da idonka ka gani?”

“Da idona.”

“Me ka ce masa?”

Ya sosa ƙeya.

“Tambayarka nake. Ka ga kawunka yana zuba ruwa, kai masanin ƙarfe, me ka ce masa?”

“Na ce... sannu da aiki, Kawu.”

“Sannu da aiki! Don me ba ka hana shi ba?”

“To ai... ai haka ake yi wa jirgi.”

“Haka ake yi wa jirgi. Ashe kai ma ranar Juma'a ba ka san laifi ba ne, sai yau da wuta ta kama rigarka.” Ta juya ga taron. “Ku kuma masu haƙora a waje. Wane ne a cikinku zai ga jirginsa a rana a watan Agusta bai zuba masa ruwa ba? Ya ɗaga hannu in gan shi. Kai, Sahbi, mai raƙumin zaitun, na gane muryarka. Ɗaga hannu mana. Ranar da injinka ya mutu a bayan tsibiri, wa ya bar kamunsa ya jawo ka har gida? Raƙumin ne. Da ya bar ka can, da yanzu matarka ta huta.”

Sahbi ya sunkuyar da kai. Babu hannun da ya tashi.

Rayis Farjani ya daɗe yana duban kwalekwalen. Sannan ya ce, “Ni da guga uku zan zuba.” Ba wanda ya yi dariya. “Da ni ne kuma, da ban yarda a kifa shi ba. Matar nan kaɗai ta saurari mai abin, mu duka da katako a kanmu. To ga abin da na gani. Ruwa na Jilani ne, wannan tsakaninsa da matarsa, Allah ya ba shi sa'a. Ƙarfe da ɗauri na Munji ne, kuma an gaya masa ya ƙi ji. Zai yanke abin nan daga kan motar, ya yi wata yadda ta ce, tana tsaye a kansa. Me kuma kike so, 'yar'uwa?”

“Ranar da Rayis zai koma ruwa, Munji ne zai ɗauki kwalekwalen a kansa daga mota zuwa bakin teku. Duk wanda ya zo Asabar ya dawo. Su tsaya a inda suka tsaya.”

“An yi,” in ji Farjani.

“A koma da me?” Munji ya ce cikin ƙunƙuni. “Abin ya riga ya mutu.”

Shalbiya ta so ta kwaɗa masa burodin. Amma tun ɗazu akwai abin da hannunta ya ji. Kwalekwalen ya sha rana a kife tun safe, babu abin da ya danne shi, kuma da ta buga ƙaramin ramin sai ta ji ya yi laushi, zurfinsa ma kamar ya ragu. Roba in ta ji zafi laushi take yi. Abin da ya lotsa ta ai zai iya tayar da ita.

“Kai, mai gahawa! Duk butocin da kake da su, ɗora su a wuta.”

Aka yi ta tsallako da tafasasshen ruwa. Aka karkata kwalekwalen, ta sa Munji ya kwanta a ƙasa ya zura hannu ta murfin har kafaɗa, ya tokare ramin ta ciki da guntun katako. Ita tana zubawa a hankali ta waje.

“Inna, zafi! Wallahi yana gangarowa!”

“Ƙarfe ne kai, ko gezau. Tura.”

Ya tura yana nishi, zufa da turɓaya sun haɗe masa a fuska. A buta ta biyar ƙaramin ramin ya yi wani ɓut, ya taso. Maza suka yi kabbara kamar an ciro babban kifi. Babban ya fi taurin kai. Ya taso, amma ya bar tabo, ɗan kwari kamar sawun babban yatsa. Ta shafa shi ta ce ya isa, a bar shi a inuwa ya huce.

Yinin ranar da washegari ta yi su a shagon, a kan kujerar da aka kawo mata daga gidan gahawa. Ta aika aka ɗauko motar. Munji ya yanke rodinsa, ya yi sanduna biyu, ɗaya can gaba, ɗaya can baya, ya ɗaura musu faffaɗan katako. Ta kawo tsohuwar dardumar ulu da uwarta ta saƙa, ta yanka da almakashinta aka naɗe katakon. Sau biyu tana sa shi ya warware. Bel ɗin manyan motoci kuwa ta ce ya kai wa masu saniya.

Saura babban aikin. Ranar Talata da la'asar ta shiga gida, ta tarar da shi yadda ta bar shi, yana kallon bango. Ta ɗauko gugayen nan biyu ta jefa a gabansa, suka yi ƙara.

“Guga biyu! Na tsaya gaban garin nan kaf ina rantsuwa, ashe kai ka shayar da shi kamar tunkiya. Ba ka iya buɗe baki ka gaya min?”

“To,” in ji shi.

“Kada ka sake ce min to. Gobe za ka ruwa.”

“Na gama da ruwa.”

“Shi ke nan. Ni zan hau. Na gyara shi, na gyara kariya, ƙugiyoyi ma ai ka ce a ba wanda yake so, to ina so. Gobe Salakta za ta fito ta ga matar Rayis Jilani tana fatsa, mijinta yana gida yana tsaron bango. Wace ƙugiya ake sa wa kifin dutse, babbar nan? Ita zan sa. Zan ɗaura ta da ƙullin da nake ɗaure bakin buhu.”

Kujerar ta yi ƙara. Ya juyo.

“Ƙullin buhu? A ƙugiyata? Ke kin san teku ne? Ke da ko a tasha kika tsaya sai kin yi amai! Shekara arba'in da biyu ban taɓa barin jirgi ya bushe a rana ba, yau don na ba shi ruwa za ki zo ki jefa min guga? Wa ya gaya min roba ba ta sha? Ajiye min akwatina, kada ki taɓa!”

Muryar ta daki bango ta tsallaka, har karen maƙwabta ya amsa. Shalbiya ta mayar masa, ya mayar mata, suka yi ta yi. Tana cikin faɗan ta ɗora tukunya. Ya ci yana faɗa, ya miƙo kwano a ƙara.

Laraba da hantsi motar ta ratsa gari da kwalekwale a kife a samanta. Tsofaffi biyu a bakin masallaci suka kau da kai suna neman tsari. Jilani ya riƙe sitiyari bai dubi kowa ba. A wajen duwatsu maza suna tsaye a inda suka tsaya, Rayis Farjani a kan kujera a gaba. Munji ya kwance igiya, ya ɗauki kwalekwalen a ka, hannunsa ɗaya naɗe da tsumma, ya taka yashi har ruwa ya kai masa gwiwa, ya ajiye, ya riƙe.

“Bisimilla, Kawu.”

Jilani ya kama gefen kwalekwalen. Ya hau, ya gyara zama, ya sa filafili. Kwalekwalen ya ɗan nemi hagu, saboda tabon nan. Ya ba shi biyu a hagu, ɗaya a dama, ya miƙe. Ya wuce dutsen farko, ya wuce na biyu, har ruwan ɗorawar ya zama ɗan ɗigo. Ba wanda ya tafa. Sahbi ne kawai ya ce, “Allah ya ba da sa'a, Rayis,” lokacin da Rayis ya yi nisan da ba zai ji ba.

Munji ya fito daga ruwa yana matse wando, ya matso kusa da ita yana murmushin neman shiri.

“Inna, in ya kamo, yau akwai kuskus ke nan?”

“Akwai,” in ji Shalbiya, idonta yana kan teku. “A gidan uwarka.”

Da azahar Jilani ya dawo da kifi huɗu, wuyansa ya ƙone, gwiwa ta kumbura. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta ce ƙanana ne. Ya ce ta je ta kamo manya da ƙullin buhunta. Suka kifa kwalekwalen a kan dardumar uwarta, shi yana gaba ita tana baya, ta ƙwace igiyar daga hannunsa don ta ga ya fara ja da ƙarfi.